Carbin Baƙon Nefal: Wuridi Ne Ko Surkulle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni makaniki ne a wata masana'antar casar shinkafa nan Argungu. Wata huɗu ke nan da aka kawo muna wani injiniya ɗan ƙasar Nefal, shi ke haɗa muna wutar sabon injin tsince tsakuwa. Mutum ne mai fara'a, ba shi da hayaniya, in an kawo tuwo tare muke ci. To amma akwai abin da ya ɗaure muna kai. Shina da wani dogon carbi ruwan ƙasa, kullum naɗe ga hannunshi na hagu. Da safe kafin a tada janareta sai ya kwance shi, ya koma bayan sito shina ja, bakinshi na motsi. Ran nan na matsa kusa, na ji kamar shina cewa "om mani feme hun", ya yi ta nanatawa ba iyaka. Yaran wurinmu sun rabu biyu. Wasu na cewa surkulle ne don kada wuta ta ja shi, wasu na cewa wuridi ne irin namu, yaren ne kawai daban. Na tambaye shi, ya ce shi mabiyin Budda ne, ya yi murmushi ya dafa ƙirjinshi, Turancinmu bai kai mu nesa ba. Wani abokin aikina kuma ya ce kada in saki jiki da shi, ai su ne suka kashe Musulmin Rohingya. Malam, mine ne ma'anar wagga magana da yake faɗi, kuma mi yake nema da ita?

Daga mai karatu, Argungu, Jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wasiƙarka ta mayar da ni wani ɗan ɗaki a Delhi, inda na yi shekara biyu ina kwana da wani ɗalibi daga Ladak, can cikin duwatsun Himalaya, lokacin da nake karatun tarihi a Indiya. Da asuba in na shimfiɗa sallayata, shi ma sai ya tashi, ya lulluɓa da jan bargo, ya tanƙwashe ƙafa a kan gadonsa, ya ɗauko carbi. Makonnin farko zuciyata ba ta kwanta ba, kamar yadda ta yaranku ba ta kwanta ba. Sai da na yi ta tambayarsa, na kuma karanta, na je na gani da idona.

Kunnenka bai yi maka ƙarya ba. A rubuce kalmar ita ce "Om mani padme hum", cikin harshen Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya. Mutanen Tibet da maƙwabtansu na kan tudu suna furta ta "Om mani peme hung", wadda ita ka ji. Gaɓoɓi shida ne. Irin wannan gajeriyar magana da ake nanatawa ita suke kira mantara. Kalmar "mantara" ta girmi addinin Budda, don tun kafin a haife shi limaman Hindu ke karanta mantarorinsu a wajen yanka da ƙona hadaya. Tushenta "man" yana nufin tunani, "tara" kuma kayan aiki, wato kamar a ce makamin tunani. Malaman Tibet kuwa suna fassara ta da "abin da ke tsare zuciya". Ka riƙe wannan fassara, don ita ce kan maganar.

Budda kansa mutum ne, ɗan sarauta mai suna Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini, wadda yau take cikin ƙasar baƙonku, kimanin ƙarni biyar kafin Annabi Isa (AS). Ya rasu yana da shekara 80. Mafi yawan mutanen Nefal yau Hindu ne, mabiya Budda ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma sun fi yawa a ƙabilun kan dutse irin su Tamang da Sherpa. Ita wannan kalma ta "Om mani" ba ta cikin tsofaffin huɗubobin Budda. Ta fara bayyana ne a wani littafi na wajen ƙarni na 4 ko na 5 Miladiyya, shekara ɗari takwas ko fiye bayan rasuwarsa. Shi ya sa in ka je Tailan ko Siri Lanka, inda suke riƙe da tsohuwar mazhaba, ba ita za ka ji a bakinsu ba.

Ma'anar kalmomin ba ta da tsawo. "Mani" lu'ulu'u ne. "Padme" fure ne da ke tsirowa a cikin ruwa, ɗan'uwan badon da ka saba gani a fadamar Argungu bayan damina. "Om" da "hum" sauti ne na buɗewa da rufewa, ba su da fassara irin ta ƙamus. Turawa sun daɗe suna cewa ma'anarta "lu'ulu'u a cikin bado", amma masana nahawun Sanskirit da dama sun ce a'a, kiran suna ne, kamar a ce "ya kai mai lu'ulu'u da bado". Wanda ake kira kuwa shi ne Abalokiteshwara, mutanen Tibet na ce masa Cenrezik, mutanen Sin na ce masa Guwanyin. A aƙidarsu shi wani ne da ya ɗauki alkawarin ba zai tsira shi kaɗai ba, sai ya taimaki duk wani mai rai ya fita daga wahala. Shi ne siffar tausayi a wurinsu, har sukan zana shi da hannu dubu, wai don ya isa ga kowa. Dalai Lama, babban malamin Tibet da ya yi hijira zuwa Indiya a 1959, yana bayyana kalmar da cewa "om" jiki ne da baki da zuciyar mai karantawa, "mani" tausayi, "padme" hikima, "hum" kuma haɗuwar biyun yadda ba sa rabuwa.

Badon nan kuwa ba banza suka zaɓe shi ba. Ka tuna yadda yake: saiwarsa na cikin taɓo mai wari, amma furen ya fito saman ruwa fari tas, ko ɗigon laka babu a jikinsa. Haka suke kallon zuciyar ɗan Adam. Da injiniyanku ya dafa ƙirji, ina kyautata zaton nan ya nufa.

To me yake nema da nanatawar? Kai mutumin Kebbi ne, ka san turke. A cikin tsofaffin huɗubobinsu akwai inda Budda ya ce a ɗauki dabbobi shida, maciji da kada da tsuntsu da kare da dila da biri, a ɗaure kowanne da igiya, a ƙulle igiyoyin wuri guda a sake su. Maciji zai ja zuwa suri, kada zuwa ruwa, tsuntsu sama, kare cikin gari, dila maƙabarta, biri dawa. Wanda ya fi ƙarfi a lokacin shi zai ja sauran. Ya ce haka ido da kunne da hanci da harshe da jiki da tunani suke yi da mutum. Amma in aka kafa turke mai ƙarfi aka ɗaure su a jikinsa, za su yi ta fizga har su gaji, su kwanta a gindinsa. Turken da ya nufa a wannan huɗuba shi ne tsayar da hankali a kan jiki. Malaman da suka zo daga baya sai suka ga kalma ɗaya da ake nanatawa ita ma tana yin wannan aiki. Baki na da abin faɗi, yatsa na da abin ja, kunne na jin abin da baki ke faɗi, to zuciya ba ta da ƙofar da za ta sulale ta tafi yawon bashin da ake bin ta ko maganar da wani ya gaya mata jiya.

Wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin na gan shi wata rana a kasuwa. Muna tafiya da abokin ɗakin nan nawa, wani mai keken haya ya taka masa ƙafa da taya har fatar ɗan yatsansa ta saluɓe, maimakon ya ba da haƙuri sai ya hau zaginsa, yana tsokanar ƙananan idanunsa, yana ce masa baƙo a ƙasarsa ta haihuwa. Ni da ba ni aka taka ba sai da jikina ya ɗauki rawa. Shi kuwa fuskarsa ta yi jawur, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya cusa hannu a aljihun rigar sanyi. Ina ganin aljihun na motsi, babban yatsansa na tura 'ya'yan carbi ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na rawa. Bai ce uffan ba har muka isa kantin magani aka ɗaure masa yatsa. Da dare na tambaye shi ko neman sauƙin ciwo yake yi. Ya ce a'a, wa mai keken yake karantawa. Ya ce mutumin da ya wuni yana tuƙa ƙatti cikin rana don abin da bai kai kuɗin shayi ba, zafin da ke cikinsa ya fi na yatsa. Ya ce kakarsa ta koya masa in zai ja carbi ya fara sa mahaifiyarsa a rai, har ya ji tausayinta ya cika masa ƙirji, sannan ya matsar da wannan tausayin kan maƙwabci, kan wanda bai sani ba, daga ƙarshe kan wanda ya cuce shi. Kalmar ita ce igiyar da yake jan tausayin da ita daga wannan zuwa wancan. Ya yi haka sau dubbai da asuba, shi ya sa da aka taka shi a kasuwa hannunsa ya san inda zai nufa kafin bakinsa ya buɗe.

Carbin nasu 'ya'ya 108 ne. In baƙonku ya yarda ka ƙirga, za ka tarar da haka. Mutanen Tibet kan lissafa zagaye ɗaya a matsayin 100, takwas ɗin na cike gurbin inda harshe ya zame ko hankali ya tafi. Akwai babban ɗa guda a ƙarshe, kamar wanda muke ce wa liman a namu, ba sa tsallake shi, in sun iso nan sai su juya carbin su koma baya. Wasu na rataya ƙananan igiyoyi biyu masu zobba goma-goma na ƙarfe, ɗaya na ƙirga ɗaruruwa, ɗaya dubbai. Tsofaffinsu da miliyoyi suke lissafi. Suna kuma sassaƙa kalmar a jikin duwatsu a bakin hanya, su rubuta ta a doguwar takarda su naɗe cikin wani gwangwani mai mariƙi, tsohuwa na tafiya tana juya shi ta hannun dama.

Gani ya kori ji. Wani hutun hunturu na hau jirgin ƙasa zuwa Gaya a jihar Bihar, daga nan na shiga keke mai ƙafa uku zuwa Bodgaya, wurin da suka ce a nan Budda ya samu wayewarsa a gindin wata bishiya dangin cediya da durumi. Na je ne a matsayin ɗalibin tarihi, don wurin na da alaƙa da Sarki Ashoka na ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauti. A farfajiya ɗaya, kowace ƙasa da nata.

'Yan Tibet na gefe da jajayen mayafai, muryarsu can ƙasa kamar rugugin hadari mai nisa, wasu na miƙewa su kwanta rub da ciki a kan katako su sake tashi, katakon har ya yi sheƙi saboda gogar hannu. Akwai masu cika irin wannan sau 100,000 kafin malaminsu ya ba su darasi na gaba. 'Yan Siri Lanka, yawanci tsofaffin mata cikin fararen kaya, sun zauna sahu-sahu suna bin malaminsu da karatu cikin harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan addininsu. Nasu ya fi kama da tilawa, don huɗubobin Budda ne suke karantawa, kamar wadda ke fatan alheri ga duk mai rai. A nan na fahimci wani abu da duk wanda ya zauna tsangaya zai gane nan take. Koyarwar Budda ta yi kusan shekara 400 ba a rubuta ta ba, sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta ta a ganyen wani irin giginya a Siri Lanka. Duk tsawon wannan lokaci a ka aka riƙe ta. Karatun taro shi ne ma'ajiyarsu: in mutum ɗaya ya yi tuntuɓe, muryar sauran ta gyara shi, yadda gardawa ke yi wa juna a wajen tilawar dare.

Wani ɗan Tailan da muka zauna benci ɗaya ya nuna mini nasa, wanda ko sauti ba shi da shi. In ya ja numfashi ya ce "bud" a zuci, in ya sake ya ce "do". Shi ke nan. Hanyar malamansu na daji ce, irin su Ajan Man da ya rasu a 1949. Mutanen Sin da Biyetnam kuwa sunan wani Budda mai suna Amitaba suke nanatawa, suna buga ɗan kurtun katako don daidaita murya, da fatan a sake haifar su a wata ƙasa mai tsarki bayan mutuwa. A Japan wani malami, Honen, wanda ya rayu daga 1133 zuwa 1212, ya ce wannan kiran suna kaɗai ya ishi manomi da masunci da ba su da halin dogon karatu, abin da ya jawo masa fushin manyan malamai har aka kore shi daga babban birni. Wani kuma, Niciren, a 1253 ya fito da nanata sunan littafin da ya fi girmamawa, kuma mabiyansa sun iso har Afirka ta Yamma, musamman Gana. Ka ga ashe in an ce "mabiya Budda na karanta kaza", sai a tambaya waɗanne.

Yanzu ga gardamar yaranku. Masu cewa surkulle ne ba su faɗi ƙasa warwas ba, gaskiya ɗaya ce. A cikin talakawansu akwai masu karanta waɗannan kalmomi don neman tsari daga ciwo da haɗari da aljanu. A Siri Lanka da Tailan malamai kan kwana suna karatu riƙe da farin zare, da safe a yayyanka a ɗaura wa mutane a wuyan hannu, a yayyafa musu ruwan da aka yi karatu a kansa. Direbobi na rataya layu a gaban mota. Ba mamaki shi ma baƙonku, mai aiki da wuta, yana da irin wannan fata a ransa. Amma in ka koma ga maganar Budda kansa, ya yi kashedi a kan dogaro da baki kawai. Wani mai gari ya tambaye shi ko addu'ar limamai na iya kai mamaci sama. Sai ya ce masa, a jefa ƙaton dutse cikin tafki mai zurfi, jama'a su taru su yi ta roƙo suna zagayawa suna cewa taso, taso, zai taso? Mai gari ya ce a'a. Ya ce to a fasa tulun man shanu a cikin tafkin, jama'a su yi ta roƙon man ya nutse, zai nutse? Ya ce a'a. Budda ya ce haka aikin mutum yake, shi ke kai shi ƙasa ko sama. Saboda haka masu ilimin cikinsu ba sa ɗaukar mantara a matsayin asirin da ke juya duniya. Mai karantawar suke so ta juya. Ka lura da injiniyan naku da kyau, za ka ga bayan ya gama jan carbi yana kashe babban makunni, ya sa safar hannu, ya gwada waya da testa kafin ya taɓa.

Masu cewa wuridi ne irin namu su ma sun ga wani abu: carbi, ƙirga, lokacin asuba, natsuwa. Amma kama da wane ba ta wane. Mu in mun ce La ilaha illallah, akwai Wanda muke ambato, Mahaliccinmu, mai ji, mai gani, wanda ya ce ku ambace ni in ambace ku. Zikirinmu bauta ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Addinin Budda kuwa bai ginu a kan Mahalicci ba sam. Sun yi imani mai rai na mutuwa a sake haifar shi, ya sake mutuwa, gwargwadon aikinsa, kuma burinsu shi ne fita daga wannan zagaye ta hanyar kashe wuta uku a zuciya: kwaɗayi da ƙiyayya da duhun kai. Wannan mutuwar wutar ita suke kira nibbana. Shi kansa Cenrezik, wasunsu na kiransa kamar mai ceto da ke ji daga waje, masu zurfin karatu kuma na cewa tausayin da ke kwance cikin zuciyarka ne aka ba shi suna da fuska. Ko ta wace fuska ka ɗauka, kiran wani ne ba Allah ba. Shi ya sa a shekara biyun nan ban taɓa furta ta da niyyar karatu ba, shi kuma abokina bai taɓa nema in yi ba, kamar yadda yake fita ya ba ni ɗaki in na tsaya sallar dare a watan azumi. Sanin abin da mutum ke faɗi daban, bin sa daban. Malamanmu na farko sun yi wannan karatu: Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Budda a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi. Kuma ka ja kunnen yaranku kada su riƙa kwaikwayon muryarsa suna dariya. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke kira.

Maganar abokin aikinka kuwa ba zan share ta ba, don abin da ya faɗa ya faru. Daga watan Agusta na 2017 sojojin Miyanma sun ƙona ƙauyukan Rohingya a jihar Rakhine, sun kashe, sun yi wa mata fyaɗe, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Akwai malaman Budda, irin su Wiratu, da suka yi shekaru suna hura wutar ƙin Musulmi a wa'azinsu, da mayafinsu da karatunsu na fatan alheri ga duk mai rai. Ƙasar Gambiya ce ta kai ƙarar Miyanma kotun duniya a 2019. Wannan ciwo ne a zuciyar kowane Musulmi, kuma shaida ce cewa baki na iya nanata tausayi shekara da shekaru bai sauka ƙirji ba. Amma a watan Satumba na shekarar 2017 ɗin, Dalai Lama ya fito ya ce da Budda na nan da ya taimaki waɗannan Musulmi. Baƙonku ba ɗan Miyanma ba ne, ba ma mazhabarsu ɗaya ba. Mu mutanen Kebbi da Zamfara ya kamata mu fi kowa gane wannan. Waɗanda suka kwashe 'yan matan Jangebe da ɗaliban Birnin Yauri a 2021 sunayenmu gare su, wasunsu da carbi a wuya. In wani a Katmandu, babban birnin Nefal, ya karanta labarinsu ya ce haka Musulmin Nijeriya suke, ba za mu yarda ba. Mutumin da ya bar iyalinsa ya zo Argungu, yake sa hannu a kwano ɗaya da ku, ku auna shi da abin da kuka gani a wata huɗun nan. Ka ci gaba da kiransa tuwo. In lokacin sallah ya yi ka tashi ka yi abarka a gabansa, in ya tambaya ka ba shi amsa da sakin fuska.

TAMBAYA: Malam, ina da hawan jini, kuma tun da aka tare motar ƙanen maigidana a hanya barci ya ƙaurace mini. Ɗiyata da ke karatu a jami'a ta turo mini wani sauti daga YouTube, maza na ta jan "ommm", ta ce likitocin Turai sun tabbatar yana saukar da jini. Na saurara dare biyu, na ji sanyi a raina, amma kuma zuciyata na ƙyanƙyami. Gaskiya ne yana magani?

Daga wata uwa, Gusau, Jihar Zamfara

AMSA: Hajiya, Allah ya kuɓutar da shi, ya sanyaya miki. Na haɗa wasiƙarki da ta sama don tushensu ɗaya. Abin da 'yarki ta ji yana da asali, sai dai an ƙara masa gishiri. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Sun gwada mutum 23 masu lafiya, suka sa su karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, sannan suka sa su karanta mantara. A duka biyun numfashinsu ya sauko zuwa kimanin sau 6 a minti, alhali babban mutum a zaune yakan yi 12 zuwa 20, kuma bugun zuciyarsu ya daidaita da numfashin. Ki lura, kalmomin addini biyu ne da ba su haɗa komai ba, sakamakon kuma iri ɗaya. Ashe abin na cikin jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali, wanda doguwar jimla ke tilasta wa mai karatu. Kuma abin da suka auna na lokacin karatun ne, ba su ce an warke daga hawan jini ba.

Shi "om" sauti ne mai tsarki a wurin Hindu da mabiya Budda, ba kiɗan barci ne kawai ba, don haka ƙyanƙyamin da kika ji yana da dalili. Hukuncin saurare ki kai wa malaminku na unguwa. Ni dai shawarata, abin da kike nema yana cikin ɗakinki. Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali in za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Yawancinmu cikin minti ɗaya muke fyaɗe su. Ki gwada akasin haka. Ki kashe waya, ki jingina da filo, ki ja numfashi ta hanci a hankali, in za ki sake shi ki faɗi kalma ɗaya ki ja ta har iskar ta ƙare, sannan ki tura ɗan carbi guda. In kowane ɗa ya ci daƙiƙa 10, ɗarin za su kai ki minti 16 da 'yan kai. In tunanin hanya da masu bindiga ya kutso, kada ki yi kokawa da shi, ki koma kan ɗan carbin da ke tsakanin yatsunki.

Ƙwayar da likita ya rubuta miki kada ki ajiye ta ko da kin ji sauƙi, ki riƙa zuwa awon jini a kan lokaci, ki kuma gaya masa maganar rashin barcin nan da abin da ya jawo shi, don shi ma abin dubawa ne. 'Yarki kuma kada ki yi mata faɗa, tausayinki ne ya sa ta turo. In ta zo hutu ku zauna ku yi tasbihin tare. Allah ya ba ki lafiya, ya dawo da ƙanen maigidanki gida lami lafiya.